Tarihin Gano Guntayen Gado Masu Ƙaura: Daga Gonar Masara Zuwa Jikin Ɗan Adam

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin yadda masana ilmin halitta suka gano cewa kusan rabin abin da ɗan Adam yake gada daga iyayensa ya samo asali ne daga waɗansu guntayen DNA masu maimaita kansu, masu tashi daga wani wuri su sauka a wani. Za mu bi labarin daki-daki, daga shekarun 1940 zuwa yau, mu kuma duba gardamar da aka daɗe ana yi a kan ko waɗannan guntaye suna da wani amfani ga jiki.

Ya kamata mu fara daidaita kalmomi. Idan muka ce ƙwayar halitta, muna nufin ɗan mitsitsin ɗakin nan da aka gina jiki da ire-irensa. A cikinta akwai DNA, watau dogon zare mai ɗauke da rubutu na haruffa huɗu kacal. An naɗe zaren dami-dami, kowane dami shi ne kuromozom, ɗan Adam kuwa yana da tagwai 23. Yankin zaren da yake ɗauke da umurnin yin wani furotin shi muke kira ƙwayar gado. Dukan rubutun gaba ɗaya, wanda ya kai haruffa kimanin miliyan dubu 3, shi ne kundin gado.

Carbin da ba ya motsi

Tun daga 1910, lokacin da Thomas Hunt Morgan yake aikinsa a kan ƙudan 'ya'yan itace a Jami'ar Columbia, masana suka tsaya a kan cewa ƙwayoyin gado a jere suke bisa kuromozom kamar 'ya'yan carbi, kowace da mazauninta. A 1913 almajirinsa Alfred Sturtevant ya zana taswirar farko ta wannan jeri. Duk ilmin gado na shekaru talatin da suka biyo baya a kan wannan taswira aka ɗora shi, domin kuwa idan ɗan carbi zai iya tsallake 'yan'uwansa ya koma wani gurbi, to, taswirar ba ta da sauran daraja. Dole ne mu riƙe wannan a zuci idan muna so mu fahimci nauyin abin da ya fito daga gonar masara.

Barbara McClintock da masararta

An haifi Barbara McClintock a Amurka a 1902, ta sami digirin digirgir a Jami'ar Cornell a 1927. Tun tana matashiya ta shahara wajen rarrabe kuromozom goma na masara a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma a 1931 ita da Harriet Creighton suka tabbatar da cewa kuromozom biyu 'yan tagwai suna musayar yankuna a zahiri. A 1941 ta koma Cold Spring Harbor a jihar New York, inda ta zauna har rasuwarta a 1992.

A 1944 ta shuka wani irin masara wanda kuromozom ɗinsa na 9 yake yawan karyewa. Ta lura cewa karayar a wuri ɗaya take aukuwa kullum, sai ta sa wa abin da ke wurin suna Ds. Ta kuma lura cewa Ds ba ya karya kome sai idan akwai wani abu na biyu a cikin tsiron, wanda ta kira Ac. Har zuwa nan babu abin mamaki. Amma a 1948, da ta sake auna mazaunin Ds a cikin jikokin waɗannan tsirrai, sai ta tarar ya bar inda ta san shi. Haka ma Ac.

Hujjar tana kan ƙwayar masarar kanta. A nan sai mu yi hattara, domin wanda ya saba ganin zangarniyar masara mai ƙwayoyi fari da ja da rawaya zai zaci ita ake nufi. Wannan gaurayen iri ne kawai. Abin da McClintock ta duba shi ne ƙwaya guda wadda jikinta fari ne amma da ɗigo-ɗigon shuni a kai. Bayaninta shi ne Ds ya faɗa tsakiyar ƙwayar gadon da take ba da launi, ya toshe ta, ƙwayar ta fito fara. Yayin da ƙwayar take girma, sai Ac ya sa Ds ya fice a cikin waɗansu ƙwayoyin halitta, launi ya dawo a cikinsu da duk zuriyarsu. Idan ya fice da wuri, tabon ya yi faɗi. Idan ya makara, tabon ya zama ɗan ɗigo. Ta haka ƙwayar masara ɗaya ta zama littafin da ya rubuta lokacin da kowace ƙaura ta auku. Mu tuna duk wannan an yi shi ne kafin 1953, shekarar da Watson da Crick suka bayyana siffar DNA. Da idonta da lissafin ƙwayoyi ta kai ga wannan matsayi.

Ta buga sakamakon a 1950, ta kuma gabatar da shi a taron Cold Spring Harbor na 1951. Labarin da ya yaɗu, musamman bayan littafin Evelyn Fox Keller na 1983, shi ne wai masana sun yi watsi da ita, ba wanda ya gaskata ta har shekara talatin. Masanin tarihi Nathaniel Comfort, a littafinsa na 2001, ya bi takardunta ya nuna cewa labarin bai cika ba, mu kuma a ganinmu hujjarsa ta fi ƙarfi. Matar da aka zaɓa cikin Majalisar Masana Kimiyya ta Amurka a 1944, ta kuma shugabanci ƙungiyar masana gado ta ƙasar a 1945, ba za a kira ta bare ba. Daɗin daɗawa, a 1952 Brink da Nilan a Wisconsin sun ga irin wannan ƙaura a tasu masarar. Masana masara sun yarda cewa guntayen suna motsi. Abin da suka ƙi karɓa shi ne fassararta, domin ita ta ɗauke su a matsayin masu sarrafa sauran ƙwayoyin gado, masu tsara yadda tsiro yake girma daga iri zuwa zangarniya. Sauran masana kuwa, waɗanda hankalinsu ya koma kan bakteriya, sun ɗauki abin a matsayin wata al'ada ta masara kaɗai. Da aka ba ta kyautar Nobel a 1983, ita kaɗai ba tare da abokin tarayya ba, saboda gano ƙaurar aka ba ta, watau ɓangaren da ita kanta ba shi ta fi ɗauka da muhimmanci ba.

Hanya ta biyu: rubutu mai maimaici

Ana cikin haka, waɗansu masana da ba ruwansu da masara suka biyo ta wata hanya dabam. A 1968 Roy Britten da David Kohne na Cibiyar Carnegie a Washinton suka buga wani gwaji a mujallar Science. Zaren DNA tufka biyu ne. Suka daddatsa shi, suka dafa har tufkar ta warware, sa'an nan suka bar shi ya huce suna auna saurin da kowane silli yake samun abokinsa. Misalin abin kamar tulin takalma ne da aka hargitsa a ƙofar zauren taro: mai silifa irin ta kowa nan da nan zai sami wadda ta dace da tasa, mai takalmin da babu irinsa kuwa sai ya daɗe yana tono. Suka tarar cewa wani babban kaso na DNA na dabbobi yana haɗuwa da sauri ƙwarai. Ma'anar wannan ita ce akwai jimloli a cikin kundin da aka maimaita su sau dubbai, har sau dubban ɗaruruwa. Sai dai gwajin bai faɗi abin da jimlolin suke cewa ba, balle yadda suka yawaita.

A daidai wannan lokaci James Shapiro, da kuma Peter Starlinger da Heinz Saedler a Jamus, suka sami guntaye masu ƙaura a cikin bakteriya. A 1974 Hedges da Jacob suka nuna cewa ƙwayar gadon da take sa bakteriya ta gagari maganin amfisilin tana iya tsallakawa daga wani zaren zuwa wani. Daga nan batun ya shiga asibiti, ba wanda ya ƙara cewa al'adar masara ce. A 1970 kuma Howard Temin da David Baltimore, kowa a nasa ɗakin bincike, suka gano wani sinadari a jikin waɗansu ƙwayoyin bairos mai iya juya saƙon RNA ya mai da shi DNA. A lokacin ba a ga alaƙarsa da maimaicin Britten ba, ashe shi ne mabuɗin.

A 1979 Carl Schmid da abokan aikinsa suka ware iyali mafi yawa na maimaicin ɗan Adam, guntu mai haruffa kimanin 300. Suka sa masa suna Alu, saboda wani sinadarin yankan DNA mai wannan suna yana datsa shi. A 1982 Maxine Singer ta raba maimaicin gida biyu, gajeru da dogaye. Babba cikin dogayen shi ne L1, wanda cikakkensa ya kai haruffa 6,000. A 1985 Jef Boeke da abokansa suka nuna a cikin yis cewa irin waɗannan guntaye ba sa tashi da kansu. Kwafinsu suke aikawa ta hanyar RNA, sinadarin Temin da Baltimore ya mai da kwafin DNA, ya dasa shi a sabon wuri. Ac na masara mai ƙaura ne na sosai, ya tashi ya bar kango. L1 kuwa yana nan zaune a gidansa, 'ya'yansa ne suke fita su kafa sababbin gidaje, saboda haka kullum ƙaruwa yake. A nan hanyoyin biyu suka haɗu: maimaicin Britten sawun ƙaurar McClintock ne.

Tarkace ko ƙuduji

Tambayar da ta rage ita ce amfaninsu. Britten da Eric Davidson a 1969 sun kawo shawarar cewa maimaicin shi ne yake kunna ƙwayoyin gado rukuni-rukuni, ra'ayin da ya yi kusa da na McClintock. Susumu Ohno a 1972 ya yaɗa kalmar da ta bi wannan fanni har yau, ya kira yawancin kundin tarkace. A 1980 mujallar Nature ta buga takardu biyu a fitowa ɗaya, ta Doolittle da Sapienza da ta Orgel da Crick, waɗanda suka ce ba lalle ne a nemi wani amfani ba. Guntun da ya iya yawaita kansa zai yawaita, ko jiki ya ƙaru da shi ko bai ƙaru ba, muddin bai kashe mai ɗauke da shi ba. Manomi ya san wannan a gonarsa: ƙuduji ba don dawa yake tsirowa ba. Bincike na baya ya ƙara nuna cewa Alu ba shi da kayan aikin kwafar kansa, na L1 yake ara, kamar yadda ɗakin binciken Thierry Heidmann a Faransa ya tabbatar a 2003. Ke nan ƙudujin ma yana da nasa ƙudujin.

Shekarar 1988

Duk da haka, yawancin masana sun ɗauka cewa a jikin ɗan Adam ƙaurar ta daɗe da tsayawa. Haig Kazazian na Jami'ar Johns Hopkins ne ya rushe wannan zato. Yana binciken masu hemofiliya, watau cutar da take hana jini daskarewa, su 240, sai ya sami biyu, waɗanda ba su da dangantaka da juna, da guntun L1 a tsakiyar ƙwayar gadon da take yin furotin na 8 na daskarar da jini. Iyayensu ba su da wannan guntu a wurin. Watau ƙaurar ta auku ne a tsakanin iyaye da ɗa. Ya buga wannan a 1988, kuma a 1991 ɗakin bincikensa ya gano uwar ɗaya daga cikin kwafin biyu a kuromozom na 22, cikakkiya, da ranta. Abin da Ds ya yi wa launin masara shi L1 ya yi wa jinin waɗannan yara, shekara arba'in cif bayan 1948.

Daga nan misalai suka yi ta fitowa. A 1991 aka sami Alu a cikin ƙwayar gadon wata cutar ƙulluttai ta jijiyoyi, a 1992 aka sami L1 a cikin sankarar babban hanji. A 1998 masana a Japan suka nuna cewa wata cutar shanyewar tsoka ta yara mai suna Fukuyama daga guntu ɗaya ta faro, wanda ya sauka a jikin wani kaka na can baya ya bi zuriya. Zuwa 2016 an ƙirga irin waɗannan saukowa masu jawo cuta fiye da 120. Akwai kuma ɓarna ta wata fuska: da yake kwafin Alu sun yi kama da juna, kuromozom kan ruɗe wajen musaya, ya haɗa wannan da wancan, abin da ke tsakaninsu ya salwanta.

Da aka buga daftarin kundin gadon ɗan Adam a watan Fabrairu na 2001, sai lissafi ya fito fili. Yankin da yake rubuta furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Guntaye masu ƙaura da ɓurɓushinsu sun kai kimanin kashi 45: L1 kashi 17 da kwafi wajen 500,000, Alu kashi 10 da kwafi fiye da miliyan 1, ragowar tsofaffin ƙwayoyin bairos kashi 8, dangin Ac kuwa kashi 3, su kuma duk sun mutu. Galibin kwafin L1 guntaye ne ko gurɓatattu. Binciken 2003 ya ƙiyasta cewa 80 zuwa 100 ne kawai masu iya motsi a jikin mutum guda. Su ma jiki yana danne su, yana liƙa musu wata alama ta sinadari mai hana a karanta su, yana kuma sa ƙananan RNA su farauci saƙonsu a ƙwayoyin haihuwa. Wani bincike na 2019 a kan manyan iyalai a jihar Utah ya sami sabon Alu ɗaya a cikin haihuwa kimanin 40.

Baƙin da suka zama 'yan gida

A wannan zango ne aka soma samun shaidar amfani wadda ba zato ba ce. Mafi ban mamaki ita ce ta mabiyiya. Inda jinin uwa yake saduwa da na ɗan tayi akwai wani shimfiɗaɗɗen bango wanda ƙwayoyin halitta suka narke cikin juna suka yi shi. A 2000 aka gano cewa furotin ɗin da yake narkar da su, mai suna sinsitin, asalinsa na wani tsohon bairos ne, wanda da shi yake manne wa ƙwayar da zai shiga. A 2009 ɗakin Heidmann ya cire makamancinsa daga ɓeraye, 'yan tayin suka mutu a ciki. Abin lura shi ne sinsitin na ɓera da na mutum daga bairos dabam-dabam suka fito, watau an yi wannan aro fiye da sau ɗaya.

Na biyu ita ce garkuwar jiki. Jiki yana iya ƙera miliyoyin makamai iri-iri don ya tari cututtuka, ta hanyar yanka waɗansu yankunan DNA da sake ɗinke su. Almakashin wannan aiki furotin biyu ne da ake kira RAG. A 1998 ɗakunan bincike biyu, na David Schatz da na Martin Gellert, suka nuna cewa RAG yana iya ɗaukar guntu ya dasa shi a wani wuri, daidai yadda dangin Ac suke yi, kuma a 2016 aka sami ɗan'uwansa da bai daina ƙaura ba a jikin wata 'yar halittar teku. Masana sun ƙiyasta cewa an yi wannan aro shekaru miliyan 500 da suka wuce.

Sauran misalan sun fi kusa da abin da McClintock ta nace a kai. Sinadarin da yake narkar da sitaci a cikin miyau, wanda yake sa gurasa ta yi zaƙi idan an daɗe ana tauna ta, ragowar wani bairos da ke gabansa yana cikin abin da yake kunna shi a bakin mutum. A 2016 Chuong da Elde da Feschotte suka yanke waɗansu irin waɗannan ragowa daga ƙwayoyin halittar ɗan Adam, sai waɗansu ƙwayoyin gado na garkuwa suka kasa tashi yayin da aka yi musu kiran gaggawa. A 2024 Bo Xia da abokansa suka ba da hujjar cewa wani Alu da ya sauka cikin ƙwayar gadon TBXT yana da hannu a rashin wutsiya ga mutum da manyan birai.

Alu ya yi wa masu nazarin tarihin al'ummomi wani amfani na dabam. Idan ya sauka a wuri, da wuya ya fita, da wuya kuma wani ya sake sauka daidai wurin. Saboda haka mutum biyu masu Alu a gurbi ɗaya kakansu ɗaya ta wannan gurbi. Mark Batzer da abokansa sun bi wannan sawu a 1994, sakamakonsu ya goyi bayan cewa tushen 'yan Adam na yau a Afirka yake.

Gardamar da ba ta mutu ba

Shin waɗannan misalai sun wanke McClintock da Britten, sun kunyata Ohno? Waɗansu sun ce haka a 2012, lokacin da babban shirin ENCODE ya ba da sanarwar cewa kashi 80 cikin 100 na kundin yana da aiki. Masana irin su Dan Graur da Ford Doolittle suka mai da martani a 2013 cewa an faɗaɗa ma'anar aiki har ta haɗa da duk wurin da aka ga wani motsi na sinadari, alhali motsi dabam, amfani dabam. Mu a nan muna tare da masu sukar. Idan an tara duk guntayen da aka tabbatar jiki yana amfana da su, ba su kai ko kusa da miliyoyin kwafin da ke cikin kundin ba. Akwai kuma tambayar da Ryan Gregory ya jefa a 2007, wadda har yanzu muke ganin tana da nauyi: kundin gadon albasa ya ninka na mutum kusan sau biyar, to, duk wanda ya ce kowane guntu yana da amfani, sai ya faɗi abin da albasa take yi da nata. Abin da shaida ta nuna shi ne guntayen sun yaɗu don kansu, jiki ya danne mafi yawansu, ya kuma mori 'yan kaɗan da suka faɗo inda ake bukatarsu. McClintock ta yi daidai cewa suna iya sarrafa maƙwabtansu. Ba a sami shaidar cewa su ne masu tsara girman halitta baki ɗaya ba.

Masararta kuwa, da aka karanta kundinta a 2009, an tarar kusan kashi 85 cikin 100 guntaye masu ƙaura ne. A 2022 aka kammala karanta kundin ɗan Adam daga wannan baki zuwa wancan, har da wuraren da yawan maimaici ya hana a karanta a 2001, sai kason maimaici iri-iri ya haura rabi. Ko waken fis mai yamutsattsiyar fata, wanda Gregor Mendel ya kafa dokokin gado da shi a 1865, masana a Cibiyar John Innes ta Ingila sun nuna a 1990 cewa wani guntu mai haruffa kimanin 800, mai kama da dangin Ac, shi ne ya toshe masa ƙwayar gadon sarrafa sitaci.